Abin da Baba Ƙanƙara Ya Raɗa wa Gola

Shekara ashirin da shida Baba Ƙanƙara, Allah ya jiƙansa, ya yi yana zama a ƙarshen bencin ƙungiyarmu, jakar magani a hagunsa, bokitin ƙanƙara a damansa. Daga bokitin nan sunan ya fito, ya bi shi har cikin gida, don matarsa ma in ta so tsokana da shi take kiransa. Aikinsa tausa. Shi ke murza cinyoyin 'yan wasa kafin a shiga fili, shi ke ɗaure idon sawu da bandeji, shi ke rugawa da tawul da ruwa in wani ya faɗi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kullum da ƙamshin man zafi ko sau nawa ya wanke.

Ɗakin aikinsa yana ƙarƙashin matattakalar 'yan kallo. Gado ɗaya ne mai katifar leda da ta tsage aka liƙe da salatif, sai fanka mai tari, sai wata 'yar taga a sama wadda ba a ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Ta takalmi yake gane mutane. "Ga Koci nan, kuma yau ba a yi masa magana," zai ce, tun ba a taɓa ƙofa ba. A ɗakin nan yara suka gaya masa abin da ba su gaya wa iyayensu ba, don mutum in ya kifa ciki ana murza masa baya, bakinsa saki yake yi. Bai taɓa fitar da maganar kowa ba.

Amma abin da 'yan kallo suka san shi da shi gudu ne. Da alƙalin wasa ya ɗaga hannu, sai ka ga ɗan gajeren mutumin nan ya tsinka a guje, tawul a wuya, fili ya ɗauki shewa. Kowa ya ɗauka wasa ne, alhali gudun da dalilinsa. Doka ta ce in aka yi karo da kai, likitan da masu shirya gasa suka turo zai yi wa ɗan wasa tambayoyi huɗu: ina muke, da wa kuke wasa, rabin lokaci na nawa ake ciki, ci nawa ne. Wanda ya kasa amsawa an fitar da shi ke nan. Likitocin nan kuwa yawancinsu masu tumbi ne, tafiya suke yi. Kafin likita ya iso, Baba ya riga ya durƙusa, ya lulluɓe fuskar yaro da jiƙaƙƙen tawul, ya sunkuya kamar mai duba ido, ya raɗa masa amsoshin guda huɗu a kunne.

A ɗakin sauya kaya ana ce wa abin "karatu". A hannun tsohon mai tausan da ya gada ya koya, shi ma wancan a hannun wani. Babu wanda ya ɗauke shi cuta. Ɗan wasan da aka fitar yau, gobe wani ne a cikin rigarsa, kuma ba lalle ta dawo ba. Su yaran da kansu suke roƙo tun a mota: "Baba, in na faɗi kada ka manta da karatuna." Shi kuma ya ce, "Kai da ko a makaranta ba ka riƙe ba, ka dai buɗe kunne."

Cikin duk yaran da suka bi ta hannunsa, babu wanda ya shiga ransa kamar mai tsaron raga, wani dogon yaro da ya zo yana ɗan shekara sha tara. Da sunan aikinsa kowa ke kiransa, Gola. Ba shi da uba, sai ya maƙale wa Baba. Baba ne ya koya masa ɗaurin yatsu, shi ya nemo masa ɗakin haya, shi ya shige gaba lokacin da Gola ya ga wata yarinya mai ɗinki ya ce ita yake so, har aka ɗaura aure. Tun daga ranar take ce wa Baba Yaya, shi kuma yana ce mata ƙanwata.

Wasan ƙarshe na wata kaka ne, in aka ci mu mun faɗa rukunin ƙasa, in aka yi canjaras mun tsira. Saura minti ashirin aka bugo kwana, Gola ya fito ya tare, gwiwar ɗan gaban waɗancan ta same shi a gefen kai. Baba ya isa kafin kowa. Da ya ɗaga fatar idonsa, ya ga idon yana yawo kamar na jariri. Gola ya dube shi ya ce, "Malam, an tashi ne?" Makaranta yake nufi. Baba ya waiga benci, ya ga mai jiran gado yaro ne da bai taɓa tsaron raga a babban wasa ba, ya ga Koci ya haɗa hannu biyu yana roƙonsa daga nesa. Sai ya ja tawul. Sau biyu ya maimaita karatun, don na farko bai zauna ba. Likita ya iso yana haki, ya yi tambaya huɗu, ya samu amsa huɗu.

Ana saura minti uku Gola ya yi tsalle ya ture wata ƙwallo, ƙeyarsa ta daki turke. Ya tashi da kansa. Aka hura usur, ba ci, jama'a suka ɗauke shi a kafaɗa suka zaga fili da shi. Da aka shiga ciki ya yi amai a bokitin ƙanƙara. Baba ya ɗauka ya wanke a famfon baya, bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa rufin asiri ya yi.

Kaka biyu Gola ya ƙara, da ciwon kai da ƙin haske, sannan ya ajiye safar hannu. Bayan wasu shekaru sai mantuwa ta fara. Ya fita sayen sabulu ya dawo da kwan fitila. Daga nan ya fita ya kasa dawowa. Abokai suka yi ta raguwa, kamar yadda aka saba, har ya zama Baba kaɗai. Duk ranar Litinin, ranar hutun ƙungiya, yakan hau babur ɗinsa da kwalbar mai a aljihu ya tafi gidan. Ciki da falo ne, keken ɗinki a jikin taga, tsummokaran yadi a ƙasa, hoton Gola yana shawagi a iska a jikin bango. Zai zaunar da shi a tabarma ya murza masa wuya da kafaɗa, suna hirar wasannin da, waɗanda su kam ba su goge ba. Matar tana ɗinki tana sa baki.

"Yaya, duk mutanen da suka ɗauke shi a kafaɗa, kai kaɗai ka san hanyar gidan nan."

"Ai ni ban ɗauke shi ba, ƙanwata. Dube ni fa. Da na ɗauke shi da ƙafarsa na jan ƙasa."

Sai ta yi dariya har ta saki zare. Ba ta da wurin dariya da yawa.

Yana da shekara hamsin da biyu aka fito da sabuwar ƙa'ida, cewa duk mai zama a benci sai da takardar shaidar karatu. Wasu suka nemi ta bayan fage. Shi ya ce in dai karatu ne, a yi na gaske. Ya samu gurbi a jami'a, sashen ilimin wasanni, ajin ƙarshen mako na ma'aikata. Ya sayi tabarau da jakar goyo. Matarsa ta ce saura a ɗinka masa gajeren wando. 'Yan ajin, waɗanda ya haifi yawancinsu, suka sa masa Kakan Aji, suna ajiye masa kujerar gaba don allo yana yi masa hazo daga baya. Darasin sassan jiki bai ba shi wuya ba, hannunsa ya san tsokar tun kafin ya san sunanta. Rubutu ne ya wahalar da shi. Yakan danna biro har ya huda takarda.

A shekara ta uku suka shiga wani darasi mai dogon suna, kan ɗa'a da sani da isar da magana a harkar wasanni. Malamar 'yar siririya ce, ba ta ɗaga murya, sa'ar 'yarsa ta fari. Ranar farko ta rubuta tambayoyi uku a allo, ta ce duk abin da za su yi har ƙarshen zango a cikinsu yake: wa ya sani, wa ya kamata ya sani, wa ya faɗa. Ta ce kowa ya kawo misali daga wurin aikinsa, abin da ake yi amma ba a rubuta shi a littafin doka ba.

Yara suka ce, "Kaka, ba mu labari." Shi kuwa gwanin labari ne. Ya miƙe ya ba su labarin karatu, har da kwaikwayon tafiyar likita mai tumbi, har da yadda ake jan tawul. Aji ya kwashe da dariya, wani har yana dukan tebur. Ya ji daɗin kansa ranar. Sai da dariyar ta lafa ya lura Malama ba ta yi ba.

"Baba, mutum nawa ka yi wa?"

"Kai, Malama, ai ba su ƙirguwa. Sun fi talatin."

"Ina suke yanzu?"

Ya fara lissafawa da yatsu, fuskarsa a sake. Wane yana koyar da yara, wane ya buɗe shago, wane ya tafi ƙasar waje. Ya lanƙwasa yatsa na huɗu, ya buɗe baki, sai maganar ta tsaya. Ya zauna a hankali.

Ba wai bai taɓa tunanin ba. Tunanin yakan zo masa jefi-jefi yana cikin murza wuyan Gola, sai ya kore shi da cewa ciwo na Allah ne. Yanzu kuwa ya tafi laburare da ƙafarsa, ya sa aka nemo masa abin da aka rubuta kan bugun kai, ya zauna yana bi da yatsa layi-layi. Abin da ya fahimta shi ne, kan da ya bugu yana son hutu, kuma bugu na biyu kafin na farko ya lafa shi ake tsoro. Don haka ake tambayoyin nan huɗu. Ya je ofishin Malama ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, ya gaya mata komai, har bokitin.

"Ni ne, Malama?"

"Ba zan iya rantse maka ba, Baba. Ina jin ko likitan ƙwaƙwalwa ba zai rantse ba. Mai tsaron raga ya sha bugu da yawa a rayuwarsa." Ta dube shi. "Abin da na sani kawai, likitan nan ya yi tambaya don ya ji kan yaron, sai ya ji naka."

Daga makon nan ya daina. Yana rugawa kamar da, ya durƙusa, ya riƙe kan yaro, bakinsa a rufe. Ranar da aka fara fitar da wani ɗan baya saboda ya ce wa likita ana rabin farko alhali an kusa tashi, Koci ya biyo shi har ƙarƙashin matattakala.

"Tsoho, mun tura ka jami'a ka samo takarda, ba mu tura ka ka zama limami ba."

"Ni ma ban so ba, Koci. Da na sani da ta bayan fage na bi kamar mutane."

Yaran ma suka ja baya. Aka rage hira a gadon tausa. Wannan ya yi masa ciwo, amma ba shi ke hana shi cin abinci ba.

Da aka zo shekarar ƙarshe, kowa zai rubuta kundin bincike, sai ya ce shi a kan karatu zai rubuta, da labarin Gola a tsakiya, don masu tausa na baya su gani. Malama ta yarda, ta miƙa masa wata takarda. Ƙa'idar jami'a ce, ba a sa labarin lafiyar mutum a bincike sai an yi masa bayani ya gane, ya sa hannu da yardarsa.

Ya zaɓi Litinin ɗin da matar ta fita kai ɗinki. Ya zaunar da Gola, ya riƙe hannuwansa biyu, ya gaya masa tiryan-tiryan. Gola ya saurara da kyau, goshinsa a tattare.

"To mun ci, Baba?"

"Canjaras muka yi."

"Ai shi ke nan. Ba komai, Baba, kada ka damu." Ya ga takarda da biro, sai fuskarsa ta washe. Ya ɗauka irin sa hannun da yake yi wa 'yan kallo ne a bakin fili. Ya zana sunansa da ƙatuwar lanƙwasa, ya ƙara lamba ɗaya a ƙasa. "Wa za a ba? Ka ce ina gaishe shi."

Mako na gaba ya sake gaya masa, don ya ga ko wani abu ya zauna. Babu. Gola ya sake tambaya ko an ci, ya sake cewa ba komai. Sau uku ya yi haka, sau uku aka yafe masa, kuma kowane karo ya hau babur ya fi zuwansa nauyi. Takardar tana jakarsa da sa hannu a kai, babu wanda zai tuhume shi in ya miƙa. Ya kai ta har bakin ofishin Malama, ya tsaya, ya juya. Ya ce wa matarsa da ya dawo, "Wannan ma karatu ne. Na sake sa masa amsa a baki."

Saura mutum ɗaya da ke da ikon sa hannu a madadin Gola, kuma ita ce ya fi tsoro a duniya.

Matarsa tana yankan albasa a tsakar gida lokacin da ya gaya mata niyyarsa. Ba ta ɗago ba.

"Malam, baiwar Allahn nan kai kaɗai ka rage mata. Ranar Litinin kaɗai take samun wanda za ta yi magana da shi ya amsa mata daidai. Kai za ka sauke kayanka ka ji sanyi, ita ka ɗora mata. Wa ka taimaka?"

"Mijinta ne. Ita ke wanke shi, ita ke nemo shi in ya ɓata. Kowa a benci ya san abin da aka yi ranar, ita ce kawai ba ta sani ba."

"In ta sani zai warke?"

"Ba zai warke ba."

"To."

Bai taɓa cewa matarsa ta yi kuskure ba. Wata biyu yana zuwa gidan da maganar a bakinsa yana komawa da ita. Ƙanwar tasa ta ce, "Yaya, karatun nan yana cin ka, duk ka zabge." Ta ɗinka masa jakar littattafai da ragowar yadi, don ta ga ta goyon ta yage. Ranar da ta miƙa masa jakar ne ya ga ba zai iya karɓa ba.

La'asar ce, Gola ya yi barci a tabarma bayan tausa. Tana kan keke tana haɗa hannun wata riga. Ya ce, "Ƙanwata, tsayar da keken, ina da magana." Ta ce ya faɗa tana ji. Ya fara, idonsa a kan tsummokaran ƙasa. Da ya kai kan tawul keken ya rage gudu. Da ya kai kan bokiti ya tsaya.

Ta zare allura, ta sake zura zare.

"Ka tuna ranar da na dawo daga babban asibiti? Kana zaune a kujerar nan. Na ce maka likita ya tambaye ni ko ya taɓa buguwa a kai har ya fita hayyacinsa ko ya yi amai, na ce masa ban sani ba. Me ka ce min?"

"Na ce Allah ya ba shi lafiya."

"Ka ce Allah ya ba shi lafiya." Ta gyaɗa kai. "Shekara goma sha ɗaya ina zargin kaina. Na ce ko wani abu na ba shi, ko faɗan da muke yi ne farkon aure, ko a jininsu ne in fara duban yarana. Danginsa har cewa suka yi ni na yi masa wani abu. Kana ji."

"Ina ji."

"Yanzu me ya kawo maganar?"

Da ya so, da ya ɓoye takardar. Bai ɓoye ba. Ya fito da sabuwa, wadda ba a rubuta komai a kai ba, ya yi mata bayanin kundin da ƙa'idar jami'a. Ta karɓa ta karanta har ƙasa, leɓenta na motsi.

"Ashe don takarda ne."

"Takardar ce ta hana ni ci gaba da shiru, wannan gaskiya ne. Amma ko kin sa hannu ko ba ki sa ba, maganar taki ce."

Ta ninke ta biyu ta miƙa masa. "An ɗauke shi a kafaɗa an yi kallo. Ba za a sake baje shi a tebur a yi wani kallon ba. Tashi ka tafi, Malam, kafin ya farka."

Malam ta ce, ba Yaya ba. Ya bar jakar yadin a kan kujera ya fita. Ya tura babur ɗin da hannu har ƙarshen layi kafin ya tayar, don kada ƙarar ta tashi Gola.

Litinin biyar bai je ba. Yakan shirya da safe kamar mai fita, ya zauna a ƙofar gida da kwalbar mai a aljihu har rana ta take, sannan ya shiga ciki. Matarsa ba ta taɓa ce masa ai na gaya maka ba, sai dai ta ajiye masa shayi kusa da ƙafarsa. A ta shida saƙo ya shigo wayarsa, ba gaisuwa: "Tun safe yake zaune a bakin ƙofa. Bai san abin da yake jira ba. Ka zo."

Ya je. Gola ya rungume shi ya ce, "Baba, jiya ba ka zo ba." Ita kuwa ta ajiye kofin ruwa a ƙasa, ta ɗauki ɗinkin hannu ta fita baranda, ba ta dawo ba sai da ta ji tashin babur. Haka aka ci gaba. Ya yi sallama ta amsa, ya yi sallama ta amsa. Wata rana ya gwada wani ɗan barkwanci daga cikin ɗaki, da ƙarfi don ta ji. Gola ya yi dariya. Daga baranda ba a ji komai ba sai ƙarar almakashi. Bai sake gwadawa ba.

Kundin ya rubuta shi ba Gola a ciki. Bai sa labarin kowa ba sai nasa: yadda aka koya masa, yadda ake jan tawul, abin da ake faɗa, dalilin da ya sa yara ke roƙo, da dalilin da ya sa ya daina. Ya fito ɗan siriri, ko rabin na 'yan ajinsa bai kai ba. Malamin da aka gayyato daga waje don jarrabawar baka ya juya shi gaba da baya ya ce, "Ina hujja? Kana cewa abin yana da illa, ba ka kawo ko mutum ɗaya da ya cutu ba." Malama tana gefe, ta dubi Baba. Baba ya gyara tabarau ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a ba ni izini ba." Aka ba shi makin da ya tsallake da ƙyar. Ya fito yana ce wa 'yan ajin ai canjaras ma sakamako ne.

Bai sa rigar yaye ɗalibai ba. Saura mako bakwai a yi bikin ya fara ciwon ciki, ya ɗauka gyambo ne, yana ta shan magani daga jakarsa. Da aka kai shi asibiti aka ce hanta ce, kuma an makara. Kwana goma sha tara ya yi a kwance. Hannuwan nan da suka ɗaga ƙattai suka koma ba sa iya riƙe kofi. Bai yi raki ba. Abin da ya dame shi ɗaya ne, ya sa aka kira sabon mai tausan ƙungiya ya yi masa kwatancen gidan, ya nuna masa a wuyan matarsa inda ake dannawa da inda ba a taɓawa. Bai aika wa ƙanwar tasa cewa ba shi da lafiya ba. Ya ce in ta ji za ta ga kamar dole ta zo ta ce wani abu, shi kuma ya gama sa wa mutane magana a baki. Ya cika da hantsi, ranar Alhamis.

Ta zo gaisuwa a rana ta biyu, ita kaɗai, ta bar Gola wurin maƙwabta. Ta samu wuri a ƙarshen tabarma ta zauna, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tashi ba har mata suka ragu. Matar Baba ta matso kusa da ita. Sun daɗe kafaɗa da kafaɗa.

"Ni na hana shi gaya miki," in ji matar Baba. "Bai ji ba."

"Da ya ji, da yanzu ina nan ina birgima ina cewa na rasa ɗan'uwa." Ta share gefen hancinta da bakin mayafi. "Ban san wanne ya fi ba, wallahi. Har yau ban sani ba."

"Kin yafe masa? Ba don komai ba, don in samu abin da zan riƙe."

Matar Gola ta dubi tafin hannunta, inda almakashi ya yi mata kanta.

"Nawa na yafe, Yaya. Tun ranar da na ga ya dawo ya durƙusa yana murza masa wuya, ina baranda ina ji, na yafe. Bakina ne ya ƙi buɗewa, ina cewa sai mako mai zuwa." Ta rufe tafin hannun. "Na mijina kuwa ba nawa ba ne da zan yafe. Mai shi kuma bai san an yi masa ba."

Ta yi addu'a a hankali, ta nemi takalmanta a cikin na mutane. Ta ce dole ta koma, Gola ba ya yarda ya ci abinci a hannun kowa.